Jami'ar lafiya ta Azare: ci gaba ne ko rabon siyasa?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Zan faɗi wata magana, mai jin haushi ya ji. Jami'ar kimiyyar lafiya da gwamnatin Buhari ta ba Azare a 2021, tare da ta Ila-Orangun a jihar Osun, rabon siyasa ce kawai. Naira biliyan 5 da aka ce TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ba kowacce ta soma aiki, da ABU da BUK aka ba, da tuni an ga amfaninsu. Zariya na koyar da likitanci tun 1967, ga malamai, ga asibiti a Shika. Ina dalilin barin rijiya mai ruwa a tafi haƙa sabuwa?

Ɗan Katagum: Wa alaikumus salam. Haba Baba, da girmanka! Kana magana kamar a dokar daji aka kafa ta. Asibitin tarayya na Azare ya yi kusan shekara 20 yana aiki kafin a yi jami'ar, shi ne kuma ya zama asibitin koyarwarta. Ka zo da sassafe ka ga motocin Yobe da Jigawa a bakin ƙofa. Ɗalibin likita a jikin mara lafiya yake koyo, mu kuwa ba su muka rasa ba.

Baban Ummi: Bauchi fa akwai kwalejin likitanci a ATBU. Jiha ɗaya, biyu na tarayya?

Likitan Yara: Ku yi haƙuri in shigo. Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba gini ke tsayar da yawan ɗalibai ba, MDCN ce, hukumar da ke kula da aikin likitoci. Sai ta zo ta ƙirga gadaje, ta duba ɗakunan gwaji, ta ga manyan likitoci nawa ke ƙasa, sannan ta yanke wa makaranta adadin da za ta ɗauka. Babban likita kuwa ba a yinsa da gaggawa: shekara 6 a makaranta, shekara 1 ta sanin makamar aiki, ga bautar ƙasa, sannan wasu 5 ko 6 na ƙwarewa. Don haka sabuwar jami'a daga tsofaffin take kwasar malamai. Shugaban jami'ar Azare na farko ma, Farfesa Bala Audu, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Maiduguri. Amma Baba, ko ABU aka ba kuɗin, malaman dai su ne su.

Maman Sadik: Likita, ku kullum likita, likita. Ni shekara 31 na yi ina aikin jinya. A wani asibitin ƙauye da na zauna, ƙarfe biyun dare aka kawo mace jini na zuba bayan haihuwa, ni kaɗai ce, fitilar waya a bakina ina neman jijiya. Jini muke so a gwada, mai gwajin yana gari mai nisa. Ba likita na yi ta kira a raina ba a daren nan, ɗan laburatare nake nema. Irin wannan jami'ar ai har da su take yayewa, da masu jinya da masu ɗaukar hoton asibiti. Kuma ku maza ba ku san wani abu ba: uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi Zariya ba, zai bar ta ta je Azare, don ranar Juma'a tana iya kwana gida a Misau ko Jama'are.

Ɗan Katagum: Allah ya saka, Mama. Kuma komai da ƙarami yake farawa. Muhimbili ta Tanzaniya ƙaramar makarantar likita ce a 1963, sai 2007 ta zama cikakkiyar jami'a. Yau ita ce babbar makarantar likitocin ƙasar. Ko a nan, Ondo ta kafa tata a 2015 lokacin gwamna Mimiko, tana nan da ranta.

Baban Ummi: Madalla, ka kawo min hujja da hannunka! Muhimbili a ƙarƙashin Jami'ar Darussalam ta yi shekaru aru-aru, sai da ta yi ƙwari aka yaye ta. Mu kuwa ranar suna muke yaye. Gwamnati da kanta ai ta gane, shi ya sa a Agustan 2025 ta dakatar da kafa sababbin jami'o'in tarayya har shekara 7.

Ɗan Katagum: Dakatar da sababbi daban, rufe wadda ke da ɗalibai a aji daban. Yanzu me kake so a yi da yaran?

Baban Ummi: Ban ce a rufe ba. Cewa na yi kada a kira shi ci gaba tukuna.

Likitan Yara: A nan kam ina tare da Baba rabi da rabi. Ko ranar da aka sanar aka ɗauki ɗalibai, likitan farko ba zai fito ba sai 2027. In ya fito ma, wa ya ce zai zauna? Ministan lafiya Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. A ajinmu, waɗanda ke Saudiyya da Ingila sun fi mu da muka rage yawa. Ana kirana a ɗakin jarirai, sai na dawo.

Maman Sadik: Allah ya ba su lafiya. Ɗan Katagum, in ka samu sarari ka turo min makin da suke ɗaukar ɗaliban jinya bana, jikanyata ce za ta nema.