Yayana ya rasu, sunana ne a takardar ƙungiyar gama kai: kuɗin na wa?

Ɗan Auyo:

Assalamu alaikum. Yayana ya rasu yau kwana goma sha biyu. Manomin shinkafa ne a wani ƙauye ta wajen Auyo, kuma yana cikin ƙungiyar gama kai ta manoma wadda ke karɓar zubi tana ba da rancen taki. A littafinsa akwai ajiya naira 420,000 da hannun jari na naira 60,000. Sakatare ya ce da sauran bashin takin noman rani naira 96,000, wanda mutum biyu suka tsaya masa. Da zai shiga ƙungiyar, sunana ya sa a gurbin wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Ya bar matan aure biyu, 'ya'ya maza uku, mata biyu, da mahaifiyarmu. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Wasu na cewa tunda sunana ne kuɗin nawa ne, wasu na cewa sai an je kotu. Ta ina zan fara?

Tsohon Sakatare:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Fara da sanar da ƙungiya a rubuce, kada ka tsaya ga cewa ai shugaba da ma'aji sun zo gaisuwa. Rubuta gajeriyar wasiƙa da sunan mamaci, lambarsa ta ƙungiya da ranar rasuwa, ka yi kwafi biyu, sakatare ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. Amfanin wannan kwanan watan shi ne daga ranar ake rufe asusu: ba zubi, ba cira, kuma ba dalilin ci gaba da rubuta masa tarar rashin zuwa taro ko ta jinkirin biya. Ƙungiyoyi da yawa sukan manta, sai bayan wata huɗu a ga an zabge tara daga ajiyar wanda ke kabari.

Abin da za su nema ba ya wuce waɗannan: littafin zubinsa na asali, takardar shaidar mutuwa, katin shaidarka, hotunan fasfo, da wasiƙar dagaci ko mai unguwa da ke tabbatar da rasuwar da sunayen magada. Takardar shaidar mutuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi. Idan a asibiti ya cika, karɓi takardar likita ka tafi da ita. Idan a gida ne, kamar yadda aka fi yi a ƙauye, wasiƙar dagaci da takardar rantsuwa daga kotu su ne za su tsaya maka. Ka duba sunan da kyau kafin ka baro ofis. Idan littafin ƙungiya ya ce Muhammadu, takarda ta ce Mamman, ko an sa sunan gari a maimakon na uba, sai ka sake komawa kotu yin rantsuwar cewa mutum ɗaya ne.

Sai lissafi. Kada ka yarda da adadin da aka faɗa maka da baki. A zauna da littafinsa da babban littafin ƙungiya, a bi su wata-wata. Inda aka fi samun giɓi shi ne zubin da aka ba wani ya kai ranar kasuwa, aka rubuta a littafin mamba ba a shigar a na ƙungiya ba, da kuma biyan bashi da aka yi da buhun shanshera bayan girbi ba a ba da rasit ba. A tambayi matansa ko akwai rasit a jakarsa ko aljihun rigunansa.

Ƙungiya tana da haƙƙin cire bashinta daga ajiya da hannun jarin mamba kafin ta saki ko kwabo. Ke nan 480,000 a cire 96,000, saura 384,000. Tunda ajiyarsa ta fi bashin, ba ruwan waɗanda suka tsaya masa, a ba su takardar cewa an sallame su. Amma ka tambayi abu biyu: ko rancen yana da inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, da ke biyan ragowar bashi idan mutum ya rasu, da ko shi ma ya tsaya wa wani da bai gama biya ba. Na biyun ne ke riƙe kuɗi, domin wasu ƙungiyoyin ba sa saki sai wancan ya kawo wani mai tsaya masa. Ka kuma nemi a rubuta cewa rabonsa na ribar shekara yana nan, don ba a fitar da ita sai an yi babban taron shekara.

Game da sunanka: dokar ƙungiyoyin gama kai ta tarayya ta 1993 ta ba ƙungiya damar miƙa kason mamaci ga wanda ya ambata, in bai ambaci kowa ba ga magajinsa ko wakilinsa na shari'a. Wannan ya sauke nauyi ne daga wuyan ƙungiya. Abin da zai faru da kuɗin bayan sun shiga hannunka kuwa, na bar wa malamai.

Malam na Ringim:

Allah ya gafarta masa. Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ko sisi ba ka da shi a kuɗin nan. Sa sunanka da ya yi amana ce ya ɗora maka, ba kyauta ba ce, domin kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta mai bayarwa yana raye. A gado kuma, ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci gaba ɗaya, ga shi ya bar uku. Hanya ɗaya ce za ta ba ka wani abu, idan akwai shaidu cewa wasiyya ya yi maka, ita ma ba za ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Cike gurbi a fom ba wasiyya ba ne.

Tsarin da shari'a ta shimfiɗa shi ne a fara da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Bashin kuma ba na ƙungiya kaɗai ba. Akwai na mai injin ban ruwa, na mai shago, kuɗin 'yan ƙwadago, da sauran sadaki in akwai wadda bai cika wa ba. Abincin sadakar uku da bakwai da arba'in ba ya cikin abin da ake cira, ballantana da marayu a ciki. Wanda ya ga zai yi, ya yi da aljihunsa.

Don ka ga yadda lissafin yake, mu ɗauka 384,000 ɗin nan babu wani bashi a kansu. Bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, matan biyu suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, naira 48,000, kowacce 24,000. Mahaifiya tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, 64,000. Saura 272,000 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu: maza uku kashi shida, mata biyu kashi biyu, kashi takwas ke nan, kowane kashi 34,000. Kowane ɗa 68,000, kowace 'ya 34,000. Misali ne kawai na ba ka. A aikace ba a raba kuɗin ƙungiya su kaɗai, ana haɗa su da gona, gida, dabbobi da shinkafar da ke rumbu.

Shawarata ka kai maganar kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ko da babu rigima. Alƙali zai ƙirga magada, ya raba, ya naɗa wanda zai riƙe rabon ƙananan yara, ya ba da takarda. Yau kowa na kuka, ana ganin ba komai. Shekara goma nan gaba yaron da ke goye zai girma ya tambayi ina kuɗin ubansa, takardar nan ce za ta amsa masa, ba rantsuwar baffa ba.

Idan ƙungiyar da kuɗin ruwa take ba da rance, a ware abin da ya shigo ta wannan hanyar a ribar shekara, a tambayi alƙali yadda za a yi da shi.

Maman Hadeja:

Allah ya sa ya huta. Abu biyu zan ƙara. Kada ka karɓi kuɗin a hannu kai kaɗai a ɗakin ma'aji. A yi a gaban babban ɗansa in ya balaga, da wakilin kowace mata, tunda su suna takaba wata huɗu da kwana goma, fita sai da lalura. A rubuta adadin, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. In kotu ta ce a kawo mata kuɗin kai tsaye, ya fi maka sauƙi.

Sannan idan yana da asusun banki ko na waya, wannan daban ne. Kada wani ya ɗauki katinsa ya je wajen mai POS don ya san lambar sirri, laifi ne ko da niyyar kirki aka yi. Banki yakan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na Babbar Kotun Jiha ke bayarwa, ku na Jigawa a Dutse. A kuma adana layin wayarsa kada ya mutu, don ta nan saƙon kuɗi ke shigowa.

Ɗan Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ban ji haushi ba, dama abin ya tsaya mini a rai. Sai dai yanzu Inna ke gaya mini amaryarsa tana da juna biyu, wata huɗu. Ko wannan ya canja wani abu?

Malam na Ringim:

Ya canja. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ana dakatar da rabo har sai ta haihu. Idan jaririn ya zo da rai, ya yi kuka, magaji ne: in namiji ne kashin 'ya'ya ya zama goma, kowane kashi 27,200, in mace ce ya zama tara. Rabon mata da na Inna ba ya motsi. Bashi kuwa ba ya jiran haihuwa, a biya shi yanzu.

Tsohon Sakatare:

To kada ka fitar da kuɗin tukuna. A cire 96,000 a rufe bashin, a sallami masu tsaya masa, ragowar 384,000 su zauna a ƙungiya da sunan magadan marigayi. Ka karɓi takarda mai hatimi da sa hannun shugaba, sakatare da ma'aji, mai nuna adadin da cewa ba za a ba da rancensu ga kowa ba. Ka kai wa jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukuma kwafi ɗaya, ɗaya kuma ga alƙali ranar da za ka shigar da maganar.