Hayar mota a Saudiyya lokacin Umara: lasisin Najeriya zai wadatar?

Abu_Hanif

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda a watan Rajab za mu tafi Umara mu biyar: ni da Hajiyarmu da maiɗakina da yara biyu. A Jidda za mu sauka, mu yi kwana biyar a Makka, mu leƙa Ɗa'ifa, sannan mu wuce Madina, kuma Hajiya tana son ganin Badar. Tafiyar ƙasa tana yi mata wuya, shi ya sa nake tunanin ɗaukar motar haya in tuƙa da kaina. Lasisina na Najeriya zai yi? Me ake buƙata a wurin kamfani? Kuma me ya kamata in kiyaye a hanya?

Direban_Hijira

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai mu. Doka ta ba baƙo damar tuƙi da lasisin ƙasarsa ko na ƙasa da ƙasa har shekara ɗaya daga ranar shigowarsa, muddin lasisin bai ƙare ba. Sai dai yaron da ke kantar kamfanin haya ba littafin doka yake bi ba, tsarin kamfaninsa yake bi, kuma da yawansu sai sun ga na ƙasa da ƙasa. Saboda haka ka yi shi tun a gida, ka riƙe duka biyun, domin na ƙasa da ƙasa ba ya aiki shi kaɗai. Kuma ainihin katin roba ake so. Takardar wucin gadi da ake bayarwa kafin kati ya fito tana iya sa a mayar da kai.

Bayan lasisi akwai fasfo da biza, da layin waya na Saudiyya. Wannan layin kada ka raina shi. Yarjejeniyar hayar mota a can ta kwamfuta ce, ana shigar da ita a tsarin gwamnati, za a turo maka lambar tabbatarwa ta saƙon waya, in ba ta shigo ba babu mukulli. Ka sayi layin STC ko Mobily ko Zain a filin jirgi kafin ka nufi kantar haya. Da bizar Umara tun 2022 kana iya zuwa duk garin da kake so a ƙasar, don haka Ɗa'ifa da Badar ba matsala.

Inda 'yan Najeriya suka fi tsayawa cak shi ne kati. Kamfani zai riƙe kuɗin jingina a katinka ban da kuɗin hayar, kuma ba ya sakin su ranar da ka mayar da mota. Yakan ɗauki makonni, saboda ana jira a ga ko wata tara za ta biyo baya. Katin naira ba abin dogaro ba ne a nan, ko ya ƙi shiga ko iyakarsa ta kasa. Ka tafi da katin dala mai sunanka, sunan kuma ya zo daidai da na fasfo. Katin ɗan'uwa ko na maiɗaki ba za a karɓa ba sai dai ita ce za a rubuta a matsayin mai haya.

Sai kilomita. Mafi yawan farashin da za ka gani mai sauƙi yana da iyakar tafiya, sau da yawa tsakanin kilomita 200 da 300 a rana, abin da ya haura kuwa kowace kilomita da kuɗinta. Lissafa tafiyarka: filin jirgin Jidda zuwa Makka kusan 100, Makka zuwa Ɗa'ifa da dawowa kusan 180, Makka zuwa Madina kusan 450, Madina zuwa Badar da dawowa kusan 300, Madina zuwa Jidda kusan 420. Ka ga an doshi 1,450 ba a sa zirga-zirgar cikin gari ba. In hayar kwana goma ce kuma ana tara kilomitar kwanakin wuri ɗaya, ka tsira. In ta kwana uku ce, ka nemi wadda ba ta da iyaka. Ka sa su nuna maka inda aka rubuta, kada ka tsaya ga maganar baki.

Kafin ka tayar da ita ka zagaye ta da kyamarar wayarka: bamba gaba da baya, gilashi, madubai, rim, rufi, da allon da ke nuna mai da kilomita. Buɗe but ka ga safaya da jak suna nan, safayar kuma da iska. Duk ƙwarzanen da ba a rubuta a takarda ba, naka ne ranar mayarwa.

Ummu_Sumayya

Malam Direba ya gama magana kan takardu, amma ni ban ga amfanin riƙe mota a kwanakin Makka ba. Otal ɗin da ke kusa da Harami ko ba shi da wurin ajiye mota ko kuɗinsa ya yi tsada, hanyoyin da ke kewaye kuma ana rufe su kafin kowace salla. Ka ajiye ta inda bai dace ba, janwe ya ɗauke. Ƙarshenta mota na zaune a filin ajiye motoci na Kudai kana biyan kuɗin haya, Hajiya kuma tana buƙatar keken guragu ne, ba mota ba.

Jirgin ƙasa na Haramaini yana aiki tun 2018, yana da tasha a cikin filin jirgin Jidda, kuma daga Makka zuwa Madina awa biyu da 'yan mintuna ne, a mota kuwa awa huɗu da rabi ko biyar. Ga tsohuwa bambancin ba kaɗan ba ne. Ka ɗauki mota ta kwana ɗaya don Ɗa'ifa, ka sake ɗaukar wata a Madina ta kwana biyu ko uku don Kuba da Uhudu da Badar. Da haka ka kauce wa kuɗin da ake ƙarawa in ka karɓi mota a wani gari ka mayar a wani. Jirgin dai yana da ƙa'idar kaya, babbar jaka ɗaya da ta hannu ga kowane mutum, sai a yi la'akari da tsaraba.

Bello_Makanike

Shawarar Hajiya Ummu tana kan hanya, amma in Alhaji ya fi son motar tun daga farko har ƙarshe, ga abin da zai tarar.

Hannun dama ake bi kamar Najeriya da Nijar, sitiyari a hagu, ba sabon abu. Sabon abu shi ne kyamarorin Sahir, masu kama laifin tuƙi a kan hanya. Ba wanda zai tsare ka balle a yi roƙo. Hoto za a ɗauka, tara ta hau sunanka, kamfani ya cire daga jinginarka. Keta jar danja riyal 3,000 ne zuwa 6,000. Riƙe waya a hannu 500 zuwa 900. Rashin ɗaura bel 150 zuwa 300, kyamara kuma tana ganin na kusa da direba. In za ka karya dama a kan jar danja, sai ka tsaya cik tukuna a bayan layi, ka duba, sannan ka wuce, in ba a sa alamar hani ba. Masu silalewa ba tsayawa su ne kyamara ke kamawa. Yaro ƙasa da shekara 10 ba ya zama gaba.

Hanyar Makka zuwa Madina akwai wuraren da aka yarda a yi 140 a awa, wasu 120, kuma in an doshi shingen jami'ai ko gari sai iyakar ta faɗi nan take. Allo za ka bi, ba motar gabanka ba. Hannun hagu na can ƙurya ka bar wa 'yan gari: za ka ga mota ta manne maka a baya tana walƙa fitila, kada ka yi gardama, kada ka taka birki, ka sa sigina ka koma dama. Ni dai ba na ba baƙo shawarar bin wannan hanya da dare, musamman bayan an yi ɗawafi da sa'ayi jiki ya mutu. Hanya ce miƙaƙƙiya mai sa gyangyaɗi, ga manyan motoci, a ƙananan hanyoyi irin na wajen Badar kuma raƙuma na tsallakawa. In guguwar yashi ta taso, rage gudu, kunna fitila, ka sauka a gidan mai na farko.

Ɗa'ifa tana kan dutse, hanyoyi biyu ne daga Makka. Ta Hada ta fi kusa kuma ta fi kyan gani, amma kwana ce bisa kwana, ana ma rufe ta in hazo ko ruwa ya yi yawa. Hawa ba ya ba da wahala, saukowa ce matsala. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi, ya fara wari, feda ta yi laushi, motar ta daina kamawa. Ko otomatik ce ka sauko da giya zuwa ta biyu ko L, inji ya riƙe ta, birki kuma ka riƙa dannawa kana saki. Ta Sailul Kabir ta fi tsawo amma ta fi kwanciya, kuma a kanta mikatin Ƙarnul Manazil yake, ga wanda zai sake ɗaura harami. Da tsohuwa da yara a mota, ita zan zaɓa.

Mai iri biyu za ka fi gani, 91 mai koren famfo da 95 mai ja. Yawancin ƙananan motocin haya 91 suke sha, amma duba cikin murfin tanki. Ku biyar da akwatuna, Yaris ko Accent ba za ta ɗauke ku ba. Nemi mai kujera bakwai a kwantar da na baya. Iskar taya da safe ake aunawa kafin kwalta ta yi zafi.

Abu_Hanif

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura inshora: wacce zan ɗauka, kuma in tsautsayi ya faru wa ake kira?

Direban_Hijira

Allah ya kiyaye. Kowace motar haya tana zuwa da inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Gyaran motar da ke hannunka kuwa sai cikakkiya, wadda suke kira shamil. Ita za ka ɗauka, amma ka tambayi nawa ne tahammul, wato kason da za ka biya daga aljihunka in laifin naka ne, ka kuma tambaya ko ta haɗa da taya da gilashi, don sau da yawa ba sa ciki. In maiɗakinka za ta taɓa sitiyari, mata suna tuƙi a can tun 2018, amma sai an rubuta sunanta a matsayin direba na biyu. In ba haka ba inshorar ta faɗi.

In an yi karo babu rauni, kamfanin Najm ake kira, su ke zuwa su raba laifi kashi-kashi su ba da rahoto. Ka ɗauki hotunan motocin yadda suka tsaya, da lambobinsu, kafin a matsar da su gefen hanya. In akwai rauni, 997 motar asibiti, 993 'yan sandan hanya. Sannan ka kira kamfanin hayar. Ɗaya direban zai iya cewa ku sasanta, ya miƙo maka riyal ɗari biyu ku rabu. Kada ka yarda ko da ƙwarzane ne, domin in babu rahoton Najm ko na 'yan sanda inshora ba ta biya, kamfani kuma kai zai ɗora wa kuɗin gyara har da na kwanakin da motar ta yi a gareji.