A fasa wayar ko a kira iyaye?

Alhaji mai shago, Garwa: Jama'a, ra'ayina guda ne. Duk abin da aka ƙwace a hannun ɗalibi a bakin ƙofar makaranta, wuƙa ce, tramol ne ko waya, a tara a fili a lalata a gaban yara. Wanda ya ga guduma ta sauka kan wayar abokinsa, gobe ba zai zo da tasa ba.

Malamar lissafi, Marwa: Alhaji, kan wuƙa ba mu da ja. A Janairun 2020 ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi makami a makarantar Nkolbisson ta Yawunde, ya rasu. A 2019 kuma a makarantar Deido ta Duwala ɗalibi aka kashe. Mu da muke juya wa yara baya muna rubutu a allo, mu muka san wannan fargaba. Amma waya ba wuƙa ba ce.

Alhaji mai shago: Malama, da ita ake satar amsa, da ita ake yaɗa hotunan banza.

Uwar 'yan biyu, Ngaundare: To a ƙwace mana, wa ya hana? Amma a fasa? Wayar da aka farfasa wa 'yata a wata makaranta tawa ce, da ita nake karɓar kuɗin ƙosai ta Orange Money. Na ba ta ne don tana dawowa da yamma a kan acaba. Ita aka hora ko ni?

Malamar lissafi: Hajiya ta taɓo wurin. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998, sashe na 35, ta hana giya, taba da ƙwaya a makaranta, ta kuma hana dukan ɗalibi. Tramol da wuƙa a miƙa wa jandarma, a kira uba, a bi sawun mai sayarwa, don yaron ba a gidansu ake ƙera ƙwayar ba. Waya kuwa a rubuta sunan mai ita, a kulle a ofis har iyaye su zo.

Tsohon ɗalibi, Kusiri: Malama, ki yi haƙuri, ofishin ne matsalar. A zamaninmu wayar da ta shiga aljihun tebur ba ta cika fitowa ba. Shi ya sa wasu shugabanni suka gwammace guduma, don kada a ce sun ci.

Alhaji mai shago: Ka ji ko!

Uwar 'yan biyu: Ashe don malamai ba su amince wa junansu ba ake fasa tawa. A ba da rasit mana, ƙungiyar iyaye ta riƙe makulli ɗaya.

Tsohon ɗalibi: Rezar fiƙe fensir da kamfas na zana da'ira fa, Malama? Su ma tsini gare su.

Malamar lissafi: Reza ina karɓewa, in ba yaro abin fiƙe. Kamfas kuwa ba zan iya ba, ranar Litinin da shi za mu yi darasi.