Itacen turare zalla ko a bar gona ta yi dajinta?

Ɗan Sandamu: Salamu alaikum. Gonarmu ta gado da ke hanyar Zango ta gaji, eka uku ce. Yayana ya ce mu cika ta da turare mu riƙa sayar da sanduna. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Na Baure: Turare kuɗi ne. Ka sare, kututturen ya sake tofowa.

Tsohon Malamin Daji: Ɗana, ni na gwada, kuma da gadarar ilimi na shiga. Shekarar farko gara ta cinye min dashe layi-layi, don duk iri ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya ya kama saura. Waɗanda suka tsira sun miƙe gwanin sha'awa, amma ka duƙa ka dubi ƙasa: ƙwal, ba harawa, ba ciyawar kirki. Ganyen ya zube ya ƙi ruɓewa, akuya ta shinshina ta wuce. Geron maƙwabcina na bakin iyaka ya tsumbure, sai da muka zauna gaban dagaci. Itacen Ostireliya ne, saiwarsa ba ta da kunya wajen ruwa. Ƙanena kuwa ko tsinke bai dasa ba. Kalgo, sabara, magarya da gawon da suka tsiro da kansu ya bari, yana rage musu rassa, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi. Yau yana da makamashi, da abincin dabba, da maganin masu jego, yana kuma noma a ciki.

Maman Biyu: Sabara kam a bar mana ita, Baba.

Bamaraɗe: Abin da ƙanen Baba ya yi shi muke kira sassabin zamani. Tun 1983 aka fara shi a wajenmu. Ku leƙo ta Jibiya ku ga gonaki.

Na Baure: To ni gawo zai ba ni kuɗin makarantar yara bana?

Tsohon Malamin Daji: Turaren ma ba bana ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana, da rani shanu su kwanta a inuwarsa su bar maka taki.

Direban Mai'aduwa: Ku sa bedi ku huta.

Ɗan Kano a Daura: Darbejiya dai.

Direban Mai'aduwa: A garinmu kake ci, bedi za ka ce.

Maman Biyu: Masu gawayi fa? Kiryar da ke gonar mahaifina dare ɗaya aka kwantar da ita.

Na Baure: Wannan kam ba itacen da ya tsira. Dubi yadda aka yi da Dajin Rugu.

Ɗan Sandamu: Jama'a, eka ukun nawa fa?

Tsohon Malamin Daji: Layi biyu na turare ta gabas, inda iska ke shigowa, nesa da rijiya da iyakar mutane. Tsakiya kada ka bari a tone kututture ko ɗaya wajen sharar bana.