Murya ta rabu da baki a bidiyon saukar 'yata, ku taimaka

Uwar Mai Sauka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta babbar 'yata. Ni na ɗauki bidiyon da wayata, minti 48, daga bayan La'asar har kusan Magariba. Saboda hayaniyar yara, ƙanina ya ajiye tasa wayar a gindin lasifika ta naɗi murya ita kaɗai. Da na haɗa su a kwamfuta na daidaita farkon tsaf, bakin malam da muryarsa suna tafiya tare. Har wajen minti 25 lafiya lau. Daga nan abu ya fara zamewa, kafin a kai inda yarinyar take karatu murya ta rabu da baki da kusan sakan 3. In na gyara ƙarshen sai farkon ya lalace. Kwana uku ke nan ina fama, ga kakarta kullum sai ta bugo waya tana tambaya. Wurin karatun nan shi ne ran bidiyon, ba zan iya tura shi haka ba.

Ɗalibin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Anti, Allah Ya sa albarka a karatun. Ina zargin bambancin 29.97 da 30 ne. In bidiyo an ɗauke shi a kan hotuna 29.97 a sakan ɗaya, manhaja kuma ta ɗauka 30 ne, ana samun ratar sakan 3.6 a kowace awa. A minti 48 ya kama kusan sakan 3 ke nan, daidai da abin da kika faɗa. Ki duba saitin aikin.

Mai Hoton Biki, Zariya:
Ƙanina, lissafinka ya fita, amma sake karanta bayanin Hajiya. Ta ce har minti 25 babu matsala. Da 29.97 ne, da ratar tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan tun daga farko, a minti 25 da tuni ta kai sakan ɗaya da rabi, kuma wannan ko yaro zai gani. Nata zamewar sai da rana ta yi sanyi ta fara.

Hajiya, ga abin da nake kyautata zato. Waya ba ta ɗaukar bidiyo da adadin hotuna tsayayye kamar kyamarar aiki. Tana rubuta 30, amma in haske ya ragu, ko ta yi zafi a hannu, sai ta rage ta koma 24 ko ƙasa da haka ba tare da ta sanar da ke ba. In kin kalla a wayar ba za ki ga komai ba, domin kowane hoto yana ɗauke da lokacinsa. Amma wasu manhajojin gyara suna jera hotunan ne kamar duk tazararsu ɗaya, sai hoton ya yi gaba ya bar murya a baya. Shekara tara ina aikin biki, kuma yawancin bidiyon waya da ake kawo mini da wannan ciwo na yamma ne ko na cikin ɗaki.

Kafin ki taɓa komai, ki sauke MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, kyauta ce. Ki buɗe bidiyon da ita ki nemi layin Frame rate mode. In ya ce Variable, wato adadin hotunan yana canzawa, mun kama ɓarawon. Ki faɗa mana mafi ƙaranci da mafi yawan da ya nuna.

Uwar Mai Sauka:
Malam, na duba. Variable ya rubuta, ƙaramin 17 da ɗoriya, babban 30. Yanzu ya zan yi? Kar dai a ce bidiyon ya lalace.

Mai Hoton Biki, Zariya:
Bai lalace ba, ki kwantar da hankalinki. Ki sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ita ma kyauta ce. Ki saka ainihin bidiyon, ki shiga sashen Video, ki zaɓi 30 a gurbin Framerate, sannan ki danna Constant Framerate, ba Peak ba. Ki ba shi sabon suna, kar ki goge na asali. Zai ɗauki lokaci, don haka ki sa kwamfutar a caji lokacin da kika san akwai wuta. Sabon fayil ɗin shi za ki shigar cikin sabon aiki. Tsohon aikin ki bar shi, duk yanke-yanken da kika yi a ciki a kan kuskure aka gina su.

Wajen daidaitawa kuma kar ki dogara da kallon baki, ido yana yaudara. Ki jera muryar wayarki da ta ƙaninki, ki faɗaɗa zanen sautin, ki nemi ƙara mai kaifi, kamar inda aka bubbuga makirufo ko aka yi kabbara, ki sa tsinin biyu su hau layi ɗaya. Sai ki kashe muryar wayarki. In kin tsaya nesa da lasifika, akwai ɗan ƙari: sauti yana cin kusan mita 343 a sakan, to daga mita 15 ya makara da fiye da hoto ɗaya kafin ya iso gare ki. Ki ja muryar mai kyau zuwa hagu, wato wajen farko, da hoto ɗaya.

Yayar Amare:
'Yar uwa, da me kike saurare lokacin da kike daidaitawa? Ni abin kunne na Bluetooth ya taɓa wahalar da ni mako guda. Shi kansa yana jinkirta murya, sai ki gyara ya yi daidai a kunnenki, a wayar wani kuma ya fito a karkace. Ki yi da mai igiya ko lasifikar kwamfutar. Kuma ta kebul za ki kwaso bidiyon daga waya, ba kwafin da ya zagaya hannun dangi ba.

Uwar Mai Sauka:
Yaya, wallahi da Bluetooth nake yi, na cire. Malam, HandBrake ta gama cikin dare, na sake jerawa da safe. Alhamdulillah, sakan 3 ɗin nan ya tafi. Saura 'yar rata a can ƙarshe, wajen hotuna 5 ko 6, sai ka lura sosai za ka gani. Amma daidai wurin karatun ne, kuma idona ya ƙi barinsa.

Ɗalibin Kwamfuta:
Na karɓi gyara, Malam. Anti, wannan ragowar daga wayoyin ne, agogon cikinsu ba ya tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Ana iya miƙa muryar kaɗan ta hanyar sauya saurinta a Audacity, manhajar gyaran sauti, kunne ba zai ji ba.

Mai Hoton Biki, Zariya:
Zai yi, amma ni ba na son taɓa saurin karatun Alƙur'ani ko da ƙwayar zarra ne. Hajiya, ki yanka layin muryar a inda aka yi shiru kafin a miƙa wa yarinyar makirufo, ki matsar da ragowar har tsinin ya hau. Yanka ɗaya ya isa, biyu in ya yi yawa. Ki tabbata yankan bai faɗa tsakiyar aya ko addu'a ba. Gaba kuma in za ki ɗauka, ki sa a tafa hannu sau ɗaya a gaban waya da farko, sau ɗaya a ƙarshe, kuma ki riƙa tsayar da ɗauka duk bayan minti 10 ko 15.

Uwar Mai Sauka:
Na yanka a inda malam ya tsaya yana gyara zama, ba a ma jin wurin. Na kalla daga A'uzu har ƙarshen karatun sau biyu, baki da murya suna tare. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya zuri'a. Yanzu bidiyon yana fita daga manhajar, gobe ƙanina zai kai wa Hajiya Kaka a filas ta kalla a talabijin.