Neman shawara: wane banso ne ya dace da ƙaramin shagon kafinta a ƙauye?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah shawara nake nema. Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shagon nawa a zauren gidanmu yake, aikin da na fi samu gadon amare ne da kujeru sai allon makaranta jefi-jefi, kuma duk lanƙwasar kan gado da ƙafar kujera har yau da zarton hannu da gizago nake fitar da su, wallahi bayan kaka idan bukukuwa suka taso aikin kwana biyu sai ya ci min sati. Na sayar da riɗina na bana ina so in sayi banso, wato injin zarton nan da ke zagayawa kan taya biyu kamar bel. Na shiga Kano na ga guda biyu, ɗaya sabo fil ɗan Chaina mai inci 9 na ɗorawa kan tebur, ɗayan kuma na hannu ne, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, mai inci 14, ƙarfe ne mai nauyi mutum biyu da ƙyar suke ɗaga shi, kuɗinsu ba nisa sosai. Wanne zan ɗauka? Wuta dai ba ta cika zuwa mana ba, da janareto nake aiki.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a neman. Kafin ka kalli injin fara kallon janaretonka. Mota, wato abin da ke juya injin da lantarki, mai ƙarfin doki 1 wat 746 kenan a lissafi, amma lokacin da za ta tashi tana jan ninkin haka sau uku ko ma fiye na ɗan daƙiƙu, to idan ɗan ƙaramin nan ne na kunna fitila da cajin waya wanda ko wat 1000 bai kai ba, mai inci 14 ɗin ba zai tashi ba, sai dai ka ji yana gurnani har koyil ya ƙone. Kana buƙatar kamar 2.5 kVA zuwa sama.

Sannan tunda na hannu ne, ka duƙa ka karanta ɗan farantin da ke jikin motar da idonka, kar ka tsaya kan abin da mai kaya ya faɗa. Wutarmu 230V ce 50Hz. Kayan Amurka da yawa 110 zuwa 120V ne kuma 60Hz, ko ka haɗa da taransifoma motar za ta rage gudu kuma ta riƙa zafi. Wasu kuma tiri fes ne, masu cin wutar layi uku ba irin singil fes ta gida ba, da aka ciro daga manyan kamfanoni, wannan kam a ƙauye kaya ne kawai ka ajiye. Ni na taɓa faɗawa wannan ramin, wata huɗu injin na zaune kafin na samu motar da zan canza masa.

In motar ta dace, ni mai inci 14 zan ce. Yana yanka kauri har wajen inci 6, teburinsa ƙarfen zubi ne ba ya rawa, kuma itacenmu na nan ba wasa ba ne, maɗaci da kawo da ƙirya ba irin farin katako mai laushi ba ne da ɗan ƙaramin zai bi salin alin.

Mai Kujera Gumel:
Baba ka faɗi gaskiya amma a yi min afuwa, akwai tambayar da ba a yi masa ba. Malam gadon amaren nan da me kake yin su? Don yanzu yawancinmu MDF ne, wato allon da aka matse daga garin katako, da filawud, kuma falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Inci 14 ɗin da ake faɗa girman taya ne fa, tsakanin zarton da wuyan injin ma bai cika 14 ba, kan gado mai faɗi ba zai juyu a ciki ba balle a zaure. In wannan ne aikinka jikso mai kyau, ɗan injin zarton da ake riƙewa a hannu ana bin zane da shi, ya fi maka, ga araha ga shi ƙaramin janareto na ɗaukarsa, ragowar kuɗin ka zuba a katako. Banso na ƙafar kujera ne da hannunta da fasa katako mai kauri.

Injiniya Ɓaɓura:
Ni ba kafinta ba ne gyaran inji nake yi, amma irin waɗannan suna zuwa hannuna. Abin da ke kwantar da banso a ƙauye zarton ne kansa, don dole wata rana ya dakushe ko ya tsinke, to ina za ka samu wani? Mai inci 14 yawancinsu zarto mai tsawon inci 93 da rabi suke ci, shi ya fi samuwa, ƙananan kuwa kowane kamfani da nasa tsawon, wani 59 da rabi wani 62, sai ka yi ta zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa da tsinkakken zarto a hannu. Ka sa mai kayan ya nuna maka inda ake sayarwa, ka sayi ko uku ne a ranar. Siriri mai kwatan inci na lanƙwasa, mai rabin inci na miƙaƙƙen yanka. Katako mai kauri yana son haƙora manya warwatse, 3 ko 4 a inci, mai ƙananan haƙora cushewa yake da gari ya ƙona maka itace.

Kuma ka ce a buɗe murfin. Duba robar da ke kan tayoyin ko ta tsattsage, zafin bazararmu yana cinye ta, juya tayar da hannu ka saurari boris, ka tabbata 'yan jagororin da ke riƙe zarton sama da ƙasa suna nan. Kar ka biya sai an tada shi an yanka a gabanka, kuma ka je da guntun katakonka mai tauri daga gida. Idan ka tashi aiki da yamma ka riƙa sassauta zarton.

Uwar Biyu:
Mijina kafinta ne shi ya sa na sa baki. Ka ce a zaure shagon yake, yara na shige da fice, don Allah ka sa makunnin inda hannunsu ba zai kai ba, ka riƙa zare wayar. Injin nan ba shi da ƙara kamar sakula mai zarton faifai, ana kashe shi zarton na ci gaba da juyawa shiru, yaron shagonmu haka ya yanke yatsa sai da aka yi masa ɗinki. Da babbar riga ko hannun riga mai reto ma kar a matso kusa.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa yaron lafiya Hajiya. Mai Kujera, kan gadon MDF ne gaskiya amma kujerun da allunan duk katako ne kuma su suka fi cin min lokaci, jikson zan saya daga baya. Baba janareton nawa 2.5 ne. Na kira mai kayan ya turo min hoton farantin, 230V ne singil fes, doki 1. Ranar Asabar in sha Allah zan shiga Kano da guntun ƙirya a buhu. Injiniya, idan na tarar robar tayar ta tsage ana samun ta daban ko in fasa cinikin?