Lissafina na haidirojin yana cijewa da fitowar rana

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina karatun digirin digirgir, kuma mako uku ke nan na maƙale a wuri ɗaya, har barci ya ƙaurace mini.

Na gina tsarin lissafi a manhajar MATLAB: faifan sola yana ba na'urar PEM (na'urar raba ruwa da lantarki) wuta, ita kuma ta raba ruwa ta fitar da iskar haidirojin. Bayanan hasken rana na awa-awa daga rumbun bayanai na NASA POWER na ɗauko. Da tsakar rana komai lafiya lau. Matsalar sassafe ce, lokacin da wutar da ke shiga ta kusa sifili. Lissafin Tafel, wanda ke danganta bolt da wutar da ke shiga, yana ɗauke da logaridim, sai ya ba ni bolt ƙasa da 1.23 a kowane sel, abin da ba zai yiwu ba a zafin 25°C in har ruwa zai rabu. Daga nan ode45, mai warware lissafin taku-taku a MATLAB, ya dinga rage taku har allon ya daskare. Na koma wani mai warwarewar, ode15s, ya wuce wurin, amma lambobin banzan suna nan.

Shin in koma cikakken lissafin Butler-Volmer ne, wanda Tafel sauƙaƙawarsa ce, ko in sa ƙa'ida cewa na'urar ba ta tashi sai wuta ta kai wani mataki? Na biyun ya fi sauƙi, sai dai ina tsoron kada masu jarrabawa su ce na ɓoye matsalar ce kawai. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka mini.